Teburin Wada

Zongo, Kwatano
9 ga Mayu

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba Abdulƙahar da duk mutanen gida a Jega. Ya ƙarin haƙurinmu? Ni da Ikram muna nan lafiya, sai ɗan tari da take yi da safe. Na ba Mounkaïla direban motar albasa wannan takarda ya damƙa miki hannu da hannu, don na san saƙon murya in ya shiga wayarki duk gida ake taruwa a saurara, abin da zan faɗa kuwa naki ne ke kaɗai.

Sai ranar sadakar bakwai na gane abin da ya kashe ƙanenki. Ajali ne, na sani, amma ajali ma yana da hanyar da yake biyowa.

'Yan zem ne suka zo gaisuwa, wato masu haya da babur, su kusan ashirin da rigunansu ruwan ɗorawa. Ina ɗaki bayan labule, Ikram tana kai musu ruwa. Babbansu, wani mai suna Razak, shi ya yi magana. Ya ce daga Zongo har Gbégamey babu mai kafeteriyar da bai rage hannu ba sai Wada. Kafeteriya a nan ba wani gini ba ne, Yaya, teburi ne da benci da risho, a soya ƙwai, a dafa taliya, a haɗa shayi. Ya ce tun da ƙwai da mai suka tashi kowa ya koma sa ƙwai ɗaya inda ake sa biyu, wasu har ƙananan faranti suka sayo don taliya ta yi tudu a ido, amma farantin Wada na dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, yana nan yadda suka san shi tun shekara shida. Sai na ji ya ce:

"Kuma ko loma ba ya ci a teburin nan. In mun ce Wada zauna mu ci, sai ya ce a'a, shi matarsa ta iya girki, a gida yake ci."

Maza suka yi 'yar dariya, suka yi masa addu'a. Yaya, shekara guda da wata biyu ke nan bai ci abincin gidan nan ba, in aka cire ranar Juma'a. Kullum in ya dawo na ce ga tuwo, sai ya shafa ciki ya ce ya ci a teburi, mai sayar da abinci ai ba ya yunwa, in ajiye wa Ikram ta yi ɗumame. Su suna ganin a gida yake ci, ni ina ganin a teburi yake ci.

Washegari na aika aka kira mini Kaoutar mai koko, wadda rumfarta ke jingine da teburinsa. Ta ce ita dai abin da ta sha gani, bakin burodin nan da ake yankewa a yar, shi yake tsomawa a shayi ba madara, sai goro. Ta ɗauka kwaɗayi ne. Likita dama ya ce mana gyambon ciki ne ya fashe, kuma babu jini a jikinsa da zai jure. A lokacin ban fahimci yadda mai soya ƙwai ɗari a rana zai rasa jini ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Ke ce kika goya shi, shi ya sa na ga bai kamata in ɓoye miki ba. Ki sa shi a addu'a, ki sa ni.

Taki,
Murja

Jega
2 ga Yuni

Murja,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarki, muna lafiya, sai ƙafar Baba da ta sake kumbura. A gaida Ikram, a ba ta zuma da lemun tsami don tarin.

Kin san idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Na kai wa Malam Kamaludeen ya karanta mini, kuma a zauren Baba na same shi, ana zaune. Kafin ya kai inda kika ce tawa ce ni kaɗai, kowa ya riga ya kasa kunne. Shi ne yake rubuta mini wannan ma.

Murja, da hannunki kika rubuta shekara guda da wata biyu ƙanena bai ci abincin gidanki ba. Na sa an maimaita mini wurin sau uku. Mace tana ɗaki ɗaya da mutum, tana wanke rigarsa, ya zube a gabanta ba ta gani ba, sai masu babur ne za su zo su gaya mata? Ko akuya ce ta daina cin dusa kwana biyu mai ita yana lura. Kuma mu nan mun san Kwatano sefa ake kamawa. Duk wanda ya dawo daga can ya canza jaka ɗaya ta sefa sai ya cika aljihu da naira. In an ce mutum ya mutu da yunwa a Jega zan yarda, amma a Kwatano, da mata a gida?

Bayan la'asar Baba ya yanke magana. Ya ce 'ya ta dangin uba ce, kuma gidan da babba ya rame ba a sani ba, ba gidan da za a bar yarinya 'yar shekara tara ba ne. In kin fita takaba za a kawo Ikram nan wurina, in riƙe ta tare da nawa. Ya ce in gaya miki ba fushi ba ne, kiyayewa ce.

Ni dai ba zan yi miki ƙarya ba, nawa fushi ne. Allah Ya huci zuciyata.

Hauwa

Zongo, Kwatano
20 ga Yuni

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Allah Ya ba Baba lafiya. Tarin Ikram ya tafi. Maƙwabta sun aiko mana da nama, ta ci har ta yi barci da ƙashi a hannu.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ba zan ce ban da laifi ba. Na ga wandonsa yana zamewa, na yi magana, ya ce tela ne ya cuce shi. Na ga wuyansa, ya ce hayaƙin risho ne yake tsotse mutum. Kin san bakinsa, kafin ki gama tambaya ya sa ki dariya kin manta. Ga kuma wanda ya fi ci mini rai, zan faɗa miki tunda kin riga kin yi fushi: na lura shinkafa tana kai mu ƙarshen wata, abin da ba ta yi a da, kuma na ji daɗi. Har na yi wa Kaoutar alfahari na iya tattali. Ban tsaya na tambayi kaina rabon wa nake tattalawa ba. Wannan zan tashi da shi gaban Allah.

Amma maganar sefa, Yaya, wanda ya kawo ta Jega ya canza shi ne yake ganin yawanta. Mu da muke kashe ta a nan, kamar ruwa take a kwando.

Idi ɗan kawunku, mai sayar da gwanjo a Missèbo, shi yake riƙe da teburin da safe don kada wani ya kafa nasa a wurin kafin in fita takaba. Kwana uku ya yi yana zubawa yadda marigayi yake zubawa. Ran na huɗu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini ba zai yiwu ba. Ya ce in aka sayi ƙwai da mai da burodin gobe, abin da ya rage ko cefane bai kai ba, shi bai san ta inda marigayi yake fitar da na gida da na Jega ba. Sai ya koma ƙwai ɗaya kamar kowa.

Daga tagata ina jin teburin, don bai fi taku arba'in ba. A da dariya nake ji, yanzu faɗa. Wani ya ɗauki dogon burodin nan ya matse shi a hannu ɗaya, ya cusa a aljihun riga, ya ce wa Idi ga abin da ya saya, iska ce aka gasa. Wani ya ce a ba shi tabarau ya nemi ƙwan a cikin taliya. Ranar Talata har benci aka kifar. Razak ya raba, amma shi ma na ji ya ce Wada ya tafi da ludayinsa kabari.

Ban ga laifinsu ba. Man kwalba da suke zuba wa babur ya tashi, fasinja kuma ba ya yarda a ƙara masa ko dala. Mutum ya wuni cikin rana da hayaƙi a kan faranti ɗaya, ya zo ya tarar farantin ya koma rabi, kuɗin kuma bai ragu ba. Ba a Zongo kaɗai ba ne. Kaoutar ta ce a Agla an yi dambe a kan ƙosai, wai ya koma kamar ƙwayar magani. Kowa yana zagin na gabansa, mai teburi ya zagi mai ƙwai, mai ƙwai ya zagi mai abincin kaji, ba wanda ya san inda zagin zai tsaya. Ina ganin ƙanenki wannan zagin ne bai iya ɗauka ba. Mutanen nan ya san sunan 'ya'yansu. Ya kasa kallon idonsu ya rage musu, ya kasa kallon namu ya rage mana, sai ya rage inda ba mai yi masa faɗa.

Yaya, don Allah ki roƙa mini Baba. Ikram a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin Jega ba. Tana aji huɗu a lekwal, wato makarantar boko, karatunta duk da Faransanci ne, in ta zo can sai ta koma farko. Ni kuma iyayena sun rasu, ba ni da kowa a ɗakin nan sai ita. In na fita takaba da kaina zan tsaya a teburin. Zan ciyar da ita, ko me zai faru.

Taki,
Murja

Jega
28 ga Yuli

Murja,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, damina ta zauna.

Wata biyu ke nan babu amsa. Na kira wayarki an ce a kashe take. Baba ya ce shiru ma magana ce, kuma ya fahimci wadda kike nufi. Ya ce bai taɓa aika wa surukar gidan nan magana ta yi banza da ita ba sai ke. Ya riga ya yi magana da Mounkaïla ta waya. Zuwansa na farko bayan kin fita takaba, da Ikram zai dawo. Ki haɗa mata kayanta da takardar haihuwarta. Na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Missèbo wannan ya ba Idi.

Hauwa

Jega
19 ga Agusta

Ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Ikram. Ƙafar Baba da sauƙi, yana fita masallaci da sanda.

Takardarki ta bayan Sallah sai jiya ta zo hannuna. Motar Mounkaïla ta karye a hanya cikin laka, ta yi sati biyar a garejin wani ƙauye, takardar tana aljihun gaba ya manta da ita. Ya rantse mini har da hawaye. Ki yafe mini wadda na aiko miki a watan jiya. Wannan karon Zulaiha malamar asibiti, maƙwabciyata, ita ta karanta mini a ɗaki, ƙofa a rufe, ita take rubutawa.

Da ta zo inda Idi ya ce bai san ta inda Wada yake fitar da na Jega ba, sai na ce ta tsaya.

Murja, bara kafin azumi ni na kira shi. Na ce masa naira ta zama takarda, maganin Baba ya ninka, rufin ɗakina yana zuba, shi da yake kama sefa ya ƙara mana a kan abin da yake aikowa. Ya yi dariya ya ce, Yaya, an gama. Bai taɓa saɓa wata ba. Na sa Zulaiha ta ƙirga daga lokacin zuwa rasuwarsa. Shekara guda da wata biyu.

Kwanon rufin da ke kaina yanzu da nake miki magana, ruwa yana dukansa, da abincin ƙanena aka saye shi. Na tambaye ki yadda aka yi ba ki gani ba. Ni ko tambaya ban yi ba.

Yau da safe na shiga wurin Baba na durƙusa na faɗa masa duka. Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce a bar yarinya wurin uwarta, kuma kada a sake karɓar ko sisi daga Kwatano. Na gaya wa Mounkaïla. Ki riƙe 'yarki, Allah Ya raya mana ita. In kin iya, ki yafe mini.

Yayarki,
Hauwa

Zongo, Kwatano
13 ga Oktoba

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da Malama Zulaiha. Takardunki biyu sun same ni, ta fushin da ta haƙurin, sati uku tsakaninsu. Wayar sayar da ita na yi, shi ya sa ba ki same ni ba. Babu abin yafewa tsakanina da ke. Ni da ke da masu babur duk a kwano ɗaya muka ci, ba wanda ya sani. Ki yi wa Baba godiya.

Na fita takaba farkon Satumba, washegari na karɓi teburin daga Idi. Tun kafin in kunna risho na tara waɗanda suka zo na gaya musu gaskiya. Na ce ƙwai ɗaya ne, taliya ludayi biyu, ba zan sayo ƙaramin faranti in rufe musu ido ba. Na kuma gaya musu daga ina ƙwai na biyun nan yake fitowa a da. Razak ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu, can ya ce:

"Madam Wada, da mun sani da ba mu ci ba. Amma yanzu ma yunwar tana nan."

Ya ci, ya biya, har yau yana zuwa. Rabin sauran sun koma wurin wata mai garin rogo da ƙuli a bakin titi, don shi yana kumbura a ciki. Ba su yi faɗa ba, sun dai daina tsayawa. In sun wuce sukan ɗaga mini hannu. Satin jiya ƙwai ya sake tashi.

Abin da teburin yake bari yanzu kwano ɗaya ne da rana, ɗaya da yamma, mu biyu. Da wannan kaɗai ne da na jure. Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai da muka koma ci tare. Ranar da 'yan zem suka zo gaisuwa Ikram ce take ba su ruwa. Ta ji abin da na ji, kuma ta san ba ya ci a gida. Wata biyar tana ɗauke da shi ba ta ce uffan ba.

Yanzu ba ta haɗiye loma sai ta ga na haɗiye. In na ce na ƙoshi sai ta cire hannu ta ce ita ma. In na tura mata gefen da wake ya fi yawa, sai ta juya kwanon a hankali, wai kada in gani. Ranar Laraba malamarsu ta zo har teburi ta ce Ikram tana fita daga aji lokacin tara, ba a ganinta sai an koma. Ashe nan take zuwa da gudu, ta laɓe bayan rumfar Kaoutar ta ga ko zan sa wani abu a baki, sannan ta koma. Na kama ta jiya. Ban dake ta ba. Na ce me take nema, ta ce:

"Inna, in ban duba ba wa zai duba?"

Na riƙe hannunta, Yaya, yatsuna biyu sun zagaye shi har da saura.

Na roƙe ki ki bar mini ita, kin durƙusa gaban Baba kin karɓo mini. Yanzu ni nake roƙon ki karɓe ta. A gidanki akwai gero a rumbu, akwai yara da za ta yi wawaso da su ta manta da ƙirga lomar wani. Karatun ta koma farko, ba komai. Ba ta son kuka a miya amma za ta saba. Tana tsoron tsawa, in ana ruwa ki bar ta ta kwanta kusa da ke. Kada ki ce mata kin ƙoshi in ba ki ci a gabanta ba.

Ni zan zauna da teburin. Kwano biyu ga mutum ɗaya ya isa, kada ki damu, kuma na sa Kaoutar ta zama shaida, tare muke ci. In abubuwa sun sauka zan zo da kaina in ɗauke ta, in ba su sauka ba zan zo in gan ta.

Wannan takarda za ta riga su isowa, don ɗan kasuwar nan na ba. Mounkaïla zai tashi ranar Alhamis, matarsa tana cikin motar, ita za ta riƙe Ikram a hanya. Na wanke kayanta, na karɓo takardar haihuwar, na yi mata kitso. Ban gaya mata ba tukuna.

Taki,
Murja